Kawuna Mai Cire Wa Inji Ƙwaƙwalwa

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, babu mai a Khartum. Motoci na kwana a layin gidajen mai, direbobi na shimfiɗa tabarma a gefen titi. Don haka da muka kafa rumfar makoki a ƙofar gidansa a unguwar Alsawra ta Umdurman, na ce wa mahaifiyata kada ta sa rai da mutanen Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, inda ya ƙare rayuwarsa yana kanikanci, domin tsallako kogi zuwa Umdurman a irin wannan hali ba ƙaramin aiki ba ne. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Kai ba ka san yayana ba."

Kafin la'asar layinmu ya cika da tsofaffin motoci. Irin waɗanda ba a ƙara ƙerawa, masu dogon baya da faffaɗan gaba, wasu sun girme ni. Kowane mai mota ya zuba ɗan man da yake ɓoyo don lalura ya taho. Yaran unguwa sun zaci biki ake yi, sai da aka kore su.

Aminin Kawu, wani tsohon direban tasi, a ƙasa ya iso, mai ya ƙare masa a kan gada ya bar motar a can. Ya shigo rumfa ya ɗaga hannu zai yi mana Fatiha kamar yadda ake yi a nan. Bai iya ƙarasawa ba. Ya zauna a ƙasa, ba a kan kujera ba, ya cire rawaninsa ya rufe fuska da shi.

Ɗaliban Najeriya da Nijar da ke karatu a jami'o'in addini su ma sun zo, suka zauna gefe guda suna karatun Alƙur'ani. Da yawansu ba su san ma bakanike ne ba. Abin da suka sani shi ne akwai wani dattijo mai doguwar mota wanda in ya ji Hausa a bakin titi sai ya taka birki ya ce, "'Yan gida, ina za ku?"

A ɓangaren mata kuwa, wata tsohuwa da babu wanda ya san ta ta shigo tana dogara sanda, ta nufi Hajja, matar Kawu, ta kama hannunta ta ce da Larabci, "Ni ɗaya ce daga cikin na kujerar baya." 'Ya'yan Kawu mata suka dubi juna. Hajja ita ta gane. Tun safe ba ta zubar da hawaye ba, sai a lokacin.

Mu Hausawan Sudan ba mu cika rubuta harshenmu ba. Muna magana da shi a gida da kasuwa, mu rubuta da Larabci. 'Ya'yana ina yi musu Hausa suna amsa min da Larabci. Amma Kawu da Larabci yake ciniki, da Hausa yake yi wa inji magana, ya lallashe shi da ita, ya zage shi da ita. Shi ya sa na ga bai dace in tuna shi da wani harshe ba.

A yankin Jazira aka haife shi, a ƙauyen 'yan ƙwadagon auduga. Kakanninmu sun taso daga yamma za su aikin hajji, suka tsaya neman guzuri, tsayuwar ta zama zama. Kawu ya ƙi auduga tun yana ƙarami. Injin ban-ruwa yake bi, da tarakta, har ya gudu Khartum ya shiga warsha, wato garejin kanikawa, ya fara da wanke ƙarafa, ya kai ana ce masa usta, wato babban bakanike. Da mahaifina ya rasu, shi ya zo da lori ya kwashe mu ni da mahaifiyata. A gidansa na girma, ɗaki ɗaya da ɗansa namiji tilo, taubashina, wanda na ɗan girma.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da zafi. Ban taɓa jin ya ce wa wani "yi haƙuri" ba. In ya ɓata maka rai, sai dai ka ga ya aiko maka da mangwaro, ko ya gyara maka abin da ba ka ce ya gyara ba. In aka kawo masa mota, mai ita ya fara zuba bayani, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Saurara tukun." Ya ɗauki dogon sukundireba ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Kowa sai ya yi shiru, har mai shayi. Kafin salla yakan wanke hannu da fetur, ya goge da yashi, sannan sabulu, amma baƙin da ke ƙarƙashin farcensa da shi muka binne shi.

Yana da mota guda, doguwa ƙirar Amurka, launin madara. Gangar jiki ya saye ta wurin wasu attajirai ya tashe ta da hannunsa. Tsohuwa yake ce mata. Ita ce motar unguwa. Ita ke kai amare, ita ke kai masu naƙuda, ita ke bin gawa. A farkon shekarun mulkin soja injinta ya tsage, tsagewar da walda ba ta yi masa. Kayan gyara sun ɓace daga kasuwa, na ƙasar waje ba sa shigowa. Tsohuwa ta kwanta a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya har kaji suka mai da kujerar bayanta wurin ƙwai. Kawu kan wuce ta da safe ya daki ƙofarta da tafin hannu, kamar mai gai da mara lafiya.

Wata rana da hantsi sai ga amalanken jaki a ƙofar gida, Kawu na biye da shi a ƙasa yana ta faɗa da mai jakin kada ya shiga rami. Inji ne a kai. Wata sabuwar a-kori-kura ta wasu baƙi ce ta kife a hanyar gabas, jikinta ya zama gwangwani, amma injin ko ƙwarzane bai yi ba. A wurin 'yan gwangwan ya same shi, kuma babu wanda ya yi masa takara, domin kanikawan lokacin tsoron irinsa suke. Ba shi da kafireta, wannan tukunyar da ke gauraya mai da iska a tsofaffin motoci. Nozul-nozul ne ke fesa masa mai, wayoyi sun nannaɗe shi kamar saƙar gizo, duk sun tattaru sun shiga wani ɗan baƙin akwati, ƙwaƙwalwar da ke ba shi umarni.

Taubashina ya gama makarantar koyon sana'a, yana aiki tare da ubansa, kuma wutar mota ita ce abin da ya fi so. Da ya ga injin sai da ya durƙusa yana shafa wayoyin. Kawu kuwa ya ce, "Duk wannan gashin za mu aske. Mu sa mata kafireta."

"Baba, a aske? Don me?"

"Don ta yi tafiya."

"Haka ma za ta yi. Ni zan haɗa wayoyin, na san yadda suke. Kuma rabin man da kafireta ke sha zai ishe ta. Kai ma kana ganin yadda ake kwana a layin mai."

"In ta mutu tsakanin nan da garin Madani, da mace mai naƙuda a ciki, wa zai buɗe wannan akwatin?"

"Ni."

"In ba ka nan fa?"

Taubashina ya yi dariya ya ce, "Ina za ni?"

Kwanaki suka yi suna wannan. In ran taubashina ya ɓaci sai harshensa ya juye Larabci, Kawu ya ce, "Yi min da Hausa, ni ba mai mota ba ne." Ni a lokacin ina sayar da yadi a Kasuwar Libiya ta nan Umdurman, ban san komai game da inji ba, amma ko ni na ga kowannensu yana da gaskiyarsa. Yaron yana duban gaba. Uban yana tuna duk daren da ya taɓa kwana a daji da mota, ya tashe ta da waya da filaya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu ya ɗauki filaya ya datse babbar igiyar wayoyin daga tushe. Ina tsaye. Taubashina ya dubi wayoyin a ƙasa, ya dubi ubansa, ya ce, "Kai duk abin da ba ka gane ba sai ka yanke shi."

"A gidana kake gaya min haka?"

Taubashina ya sunkuya ya ɗauki baƙin akwatin ya shige ɗakinmu da shi. Daga ranar suka daina magana. Hajja ta zama 'yar aike tsakanin mijinta da ɗanta a gida ɗaya. "Gaya wa ɗanki a kawo jek." "Gaya wa Baba jek na warsha." Ta ce min, "Ƙarfe na aura, ƙarfe na haifa, ka bar su, za su gaji." Kawu ma ya bar aikin. Injin ya zauna a rufe da buhu kusa da Tsohuwa.

Shekarun nan ne na kasha, wato kamen samari. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Sojoji kan tare motar haya a bakin gada ko a kasuwa, su sauke duk saurayin da suka ga ya isa, su loda a babbar mota, aikin soja na dole, daga can sansani, daga sansani kudu inda ake yaƙi. Iyaye mata kan tsaya a ƙofa da yamma suna ƙirga 'ya'yansu da ido. Da can taubashina tare da ubansa yake tafiya aiki, a motar aminin Kawu mai tasi, kuma ba a cika tare tasi mai ɗauke da dattawa ba. Da suka yi faɗa sai ya koma shiga bas shi kaɗai.

Wani maƙwabcinmu ne ya gan shi a bayan motar sojoji a bakin gada. Ya ce yaron ya leƙo ya ɗaga murya ya ce, "Ka gaya a gida." Shi ke nan.

Kawu ya bi ofisoshi, kowanne ya tura shi gaba. Aka ce masa sansanonin suna can wajen gari, wasu a hamada, inda bas ba ya zuwa. Ya je ɗaya a bayan lorin gawayi, ya dawo ƙafafunsa a kumbure, bai ga kowa ba. Da yamma ya zauna a bakin angareb, gadon igiyarmu na tsakar gida, ya daɗe yana kallon buhun nan. Sannan ya ce min, "Ɗan ƙanwata, gobe ka rufe shago da wuri. Tsohuwa za ta tashi."

Ban taɓa ganin mutum ya yi aiki kamar yadda ya yi a makonnin nan ba. Ya cire nozul ɗin ɗaya bayan ɗaya ya toshe ramukansu. Ya auna bakin injin da kwali, ya kai wurin mai injin sassaƙa ƙarfe aka yanko masa faranti mai kauri wanda kafireta za ta zauna a kai. Farantin farko ya sha iska ta gefe, na biyu ya tsage, na uku ya zauna. Kafiretar kanta daga tsohon injin Tsohuwa ya ciro ta, ya wargaza ta a cikin tiren Hajja, ya wanke kowane ɗan ƙarfe da fetur da gashin kaza. Famfon mai na sabon injin ƙarfinsa ya yi wa kafireta yawa, zai shaƙe ta, sai ya sa wani famfon mara ƙarfi sosai. Ƙafafun da injin zai tsaya a kansu ba su yi daidai ba, ya yanke ya sake walda. Giya ta ƙi haɗuwa da shi, ita ma aka yi mata faranti.

Wuta ce ta wahalar da shi. Da, akwatin nan ne ke gaya wa filogi lokacin da za su ba da tartsatsi. Yanzu babu shi, dole a dasa tsohon distirbita a wurin da ba a yi don shi ba. Wannan kuwa fannin ɗansa ne. Sau da yawa yana kwance a ƙarƙashin mota, sai in ji ya miƙo hannu ya kira sunan taubashina ya ce, "Miƙo min..." sai ya tuna ba ya nan. Ni sai in sa masa sifana a hannu, ko ba ita yake nema ba, ya karɓa.

Ranar da ya fara murza makulli, kafireta ta yi aman wuta ta babbake masa rabin gemu. Da a wani lokaci ne da unguwa ta yi shekara tana dariya. Ya shafa gemun, ya juya distirbita kaɗan, ya ce min in sake. Ta yi tari, ta girgiza, sannan ta kama. Ƙara ce mai kauri, mai nutsuwa, wadda gidan bai taɓa ji ba. Hajja ta fito daga madafa ta tsaya. Babu wanda ya yi guɗa. Kawu ya sa sukundireba yana murɗa ɗan ƙusan iska a hankali, kansa a karkace, har ƙarar ta kwanta. Ya ce, "Gobe da safe."

Labari ya bazu cewa motar usta ta tashi kuma sansani za ta. Da muka fito da safe, mata ne tsaye a ƙofa, iyayen yaran da aka kwashe, kowacce da ƙullin abinci da sabulu. Wasu Hausawa, wasu mutanen yamma, wasu ba mu san daga ina ba. Kawu bai tambayi kowa komai ba. Ya buɗe ƙofar baya ya ce, "Ku matsa wa juna." Su ne na kujerar baya. Kowace Juma'a haka, sansani bayan sansani. Motar ta sha yashi, ta sha rami, ta taɓa mutuwa a wani fili da ko inuwa babu, ya buɗe kafireta ya hure ta da baki ya mayar, muka wuce.

A wani sansani da ke arewa da gari muka same shi. An jera iyaye a bayan shingen waya, yaran suna fitowa da aski ƙwal, duk sun zama kama ɗaya. Shi ya fara gane mu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya riƙe yatsun Hajja ta cikin waya, ya gaishe ni, sannan ya tsaya gaban ubansa. Na zaci ɗayansu zai faɗi wata magana babba. Sai yaron ya miƙa wuya ya hangi bayan Kawu, inda motar take tsaye a rana.

"Ta tashi," in ji shi.

"Ta tashi."

"Tun daga nesa na ji ƙararta. Tana sha?"

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Kamar raƙumi."

Taubashina ya tuntsire da dariya, har wani soja ya waigo. Kawu ma ya yi murmushi da rabin gemunsa. Yaron ya ce, "Wutar ta ɗan yi gaba, Baba. Ka dawo da ita kaɗan." Kawu ya ce, "To." A sanina wannan ne karo na farko da ya ce wa ɗansa "to" a kan inji. Aka busa usur. Juma'ar da ta biyo muka koma, aka ce an wuce da su kudu.

Bayan damina labari ya zo. Ba a zo mana da gawa ba. Mutanen kwamitin unguwa ne suka zo da buhunan sukari da lasifika da masu ganga. A lokacin haka ake yi, in yaro ya mutu a yaƙi sai a ce ango ne, a yi masa abin da suke kira auren shahidi, a hana uwa kuka, a ce ta yi guɗa. Shugabansu maƙwabcinmu ne, mutumin da Tsohuwa ta taɓa kai matarsa asibiti.

Kawu ya ji su tun daga kan kwana. Ya shiga mota ya fito da ita ya gicciye ta a ƙofar gida, ya kashe, ya fito ya zauna a kan bonet.

Shugaban ya ce, "Ya Hajj, albishir muka kawo. Ɗanka ango ne yau."

"Ina gawarsa?"

"An binne shi a can, da darajarsa."

"Wa ya wanke shi?"



Kawu ya ce, "Ɗana mutuwa ya yi, ba aure ba. Ku kawo min shi in wanke in binne. In babu, ku bar uwarsa ta yi kukanta."

"Ya Hajj, ka rage murya. Akwai kunnuwa."

"Su ji."

Daga cikin gida muka ji Hajja ta saki kuka, matan unguwa suka kama mata. Masu ganga suka dubi juna suka sulale. Sukarin ya kwana a titi har wani ya kai masallaci. Washegari aka zo aka tafi da Kawu a wata mota mara lamba. Ya yi 'yan kwanaki ya dawo yana ɗingishi. Bai taɓa gaya mana abin da ya faru a can ba, kuma wanda ya tambaya sau ɗaya bai sake ba. Masu motocin gwamnati suka daina zuwa warsharsa.

Na ɗauka daga nan zai jingine motar. Juma'a na zagayowa ya wanke ta ya buɗe ƙofar baya. Hajja ta ce, "Wa kuma za ka gani?" Ya ce, "Na wasu suna nan." Haka ya ci gaba da kai matan nan, sansani da asibitin sojoji, har aka daina yaƙin kudu. Wasu sun sami 'ya'yansu, wasu sun sami rabinsu, wasu kamar mu.

Da shekarun arzikin mai suka zo, sababbin motoci suka cika gari, na ce kasuwar Kawu ta mutu. Ashe lokacin ta buɗe. Injinan motocin da suka yi haɗari suka yi yawa a wurin 'yan gwangwan, masu tsofaffin motoci kuma suka ji labarin wani usta Bahaushe da ke cire wa inji ƙwaƙwalwa ya sa masa kafireta. Amininsa mai tasi shi ne na farko, motarsa ta yi shekaru a kan duwatsu, 'ya'yansa na shirin sayar da ita a kilo. Kawu ya tashe ta, mutumin ya koma neman abincinsa. Daga baya 'ya'yan manya suka riƙa janyo motocin kakanninsu daga gareji. Yakan gaya wa kowa gaskiya kafin ya taɓa. "Za ta sha mai, ka sani. Za ta yi maka gardama da sanyin safiya. Amma in ta tsaya, za ka iya yi mata magana."

Kusa da warsharsa wasu samari suka buɗe tasu, masu na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta a kan allo. Duk sabuwar motar da aka kawo wa Kawu can yake tura ta. Wani lokaci sai in same shi tsaye a ƙofarsu, hannu a baya, yana kallo. Rannan ya shiga ɗakin da muka kwana ni da taubashina, wanda Hajja ke sharewa kullum ba mai kwana, ya fito da baƙin akwatin nan, ya naɗe a tsumma ya kai musu. Ya ce wa babbansu, "Buɗe min in gani." Saurayin ya buɗe, ya yi masa bayani a hankali, nan ke jin zafin inji, nan ke auna iska, nan ke cewa a ba da wuta. Kawu ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Ashe saurare yake yi shi ma." Ya naɗe abinsa ya dawo da shi inda ya ɗauko. A hanya ya ce min, "Da yana nan, da shi ke da wannan shagon." Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa ke nan a kan maganar.

Ciwon suga ya fara da ƙafarsa, ya koma idonsa. Da ya daina gani, sai aka riƙa kawo masa motoci ƙofar gida. A fito da shi a zaunar, a tada inji, ya ce, "Rage iska. Ƙara kaɗan. Tsaya nan." Daga baya wannan ma ya gagara. Ya kwanta. Hankalinsa ya riƙa zuwa yana tafiya, wata rana yana Jazira yana kiran mahaifiyarsu, wata rana yana warsha yana faɗa da almajiransa.

Ana gobe zai rasu na taso daga kasuwa da la'asar na shiga wurinsa. Hajja na zaune a gefe tana yi masa fifita. Na yi sallama na kama hannunsa. Ya juyo da fuska wajena, ya lalubi hannuna zuwa kafaɗa, sai ya kira ni da sunan taubashina.

Na dubi Hajja. Fifitar ta tsaya a hannunta. Ta gyaɗa min kai.

Na ce, "Na'am, Baba."

"Ka dawo?"

"Na dawo."

"Hanya da kyau?"

"Da kyau, Baba."

Ya matse min kafaɗa, ya ce, "Ka rame." Ya juya kai wajen matarsa. "Ke, yaron nan ya sha hanya. Ba shi abinci."

Hajja ta miƙe ta nufi madafa. Na ji ta tana hura wuta, ita da ta daɗe da barin wa 'ya'yanta mata girki. Ta yi kisra, wainar dawa mai fale-fale, ta kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa da yaji mai yawa, yadda ɗanta yake so, ni kuwa kowa a gidan ya san ba na iya yaji. Ta ajiye tiren a gabana, ta zauna. Kawu ya ce, "Yana ci?" Ta ce, "Yana ci." Na ci. Hawaye na zuba cikin kwano ina ci, ita tana kallona, shi yana sauraren hannuna a cikin tire. Da na cinye ta ƙara min, na cinye wannan ma.

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya saki kafaɗata ya yi barci. Washegari bayan azahar ya cika.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa zafinsa, Ya yalwata masa kabari. Allah Ya jiƙan wanda na amsa sunansa, a duk ƙasar da yake kwance. Hajja kuma, Allah Ya ƙara mata haƙuri a kan wanda ta riga ta yi.